Waƙar Rawa Sai Da Ido: Daga Jamus Zuwa Jos

A cikin shekarar 1976 wani Bajamushe mai suna Frank Farian ya fitar da faifan wata waƙar rawa da ake kira Daddy Cool, da sunan ƙungiyar Boney M. Da fari faifan bai yi kasuwa ba. Sai a watan Satumba aka gayyaci mawaƙan zuwa wani shirin talabijin na birnin Bremen mai suna Musikladen. Nan mutanen Jamus ta Yamma suka ga mata uku baƙar fata da namiji guda, Bobby Farrell, yana tsalle yana juyi sai ka ce ɗan bori. Kafin a ce kwabo waƙar ta ɗare kan jerin fayafayan da suka fi ciniki a ƙasar. Abin dariya kuwa, muryar namijin da ake ji a faifan ba ta Farrell ba ce, ta Farian ce. Shi Farrell rawa aka ɗauko shi ya yi, rawar kuwa ita ta sayar da hajar.

Masu karatu da suka manyanta za su tuna yadda fayafayan Boney M suka cika gidajen rawa da shagunan masu sayar da kaset a biranen ƙasar nan. To, darasin da ke cikin wannan labari, wato waƙar rawa sai ido ya gani kafin hannu ya shiga aljihu, ba wanda ya karance shi a Nijeriya kamar wasu tagwaye haifaffun Jos.

Peter da Paul Okoye, waɗanda duniya ta sani da P-Square, an haife su a Jos cikin 1981, iyayensu kuwa mutanen Anambra ne. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama tun zamanin haƙar kuza garin ya zama mahaɗar kowace ƙabila. A makarantar St. Murumba suka fara, kuma da rawa suka fara, suna kwaikwayon Michael Jackson na Amurka. Waƙa daga baya ta biyo. Suka ci wata gasa a 2001, faifansu na farko ya fito a 2003, na biyu mai suna Get Squared a 2005. A wannan shekara ce tashar MTV Base ta soma watsa bidiyon waƙoƙi ga ƙasashen Afirka, sai abin ya zo musu daidai, faɗuwa ta zo daidai da zama. Yayansu Jude shi ke shirya yawancin bidiyon, ba sa kuwa tsumulmular kuɗi a kansa. A 2010 aka ba su lambar Kora ta gwanin shekara a Wagadugu.

Bidiyon da ya fi nuna asalinsu shi ne na waƙar Personally, wadda ta fito a 2013, shekara huɗu bayan mutuwar Jackson. Kalmomin waƙar, in za a faɗi gaskiya, ba su da wani nauyi, kirarin budurwa ne irin wanda aka saba. Amma da aka ga tagwayen da malfa da safar hannu, suna zamiya da baya kamar ƙasa na janye su, suna karya jiki gaɓa gaɓa, sai yara a kowace unguwa suka ɗauka. Miliyoyin mutane suka kalla a YouTube. Har Jermaine, wan marigayin, ya aiko da yabo. Rawar da aka koya a filin makaranta a Jos ta koma har gidan mai ita.

Sai dai akwai bambanci tsakanin Jamus da nan. Can ana ƙidaya abin da aka sayar mako mako, mawaƙi ya san matsayinsa, ya san haƙƙinsa. Nan kuwa, a zamanin da P-Square ke tashe, ciniki yana hannun dillalan kasuwar Alaba ta Ikko da masu kwafar faifai ba izini. Ma'aunin waƙa shi ne tashar mota da gidan biki. Sai a 2020 aka sami jerin TurnTable mai ƙidaya sauraro a ƙasar nan, mujallar Billboard ta Amurka kuma ta buɗe wa kiɗan Afrobeats nasa jerin a 2022.

Ita Jos fa, me ta samu? Garin da gidan talabijin ɗinsa, na tsohuwar Jihar Binuwai da Filato, ya riga kowa a Nijeriya nuna hoto mai launi. Garin da ke da hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da makarantar koyon aikin fim da kwalejin talabijin ta NTA. Garin Ɗan Maraya mai kuntigi, wanda ya zauna a cikinsa har Allah ya yi masa rasuwa a 2015. Nan Jeremiah Gyang ya tashi, wanda ya rera Na Ba Ka da Hausa ƙasa duka ta amsa. Nan M.I da ƙanensa Jesse Jagz suka girma, da Ice Prince mai waƙar Oleku ta 2010. Amma tagwayen da waɗannan uku na ƙarshe sai da suka koma Ikko kafin suka ci moriyar baiwarsu, domin can kamfanonin faifai da masu talla da kuɗi suke. Rikicin da ya ɓarke a Satumban 2001, da waɗanda suka biyo bayansa, sun ƙara korar masu jari da masu shirya wasa.

Gwamnatin Filato da attajiran jihar ba su rasa kayan aiki ba. Ga duwatsun Shere da na Riyom, ga sanyin iska, ga ɗalibai masu riƙe kyamara ana yaye su kowace shekara. Duk da haka yaron da ya iya rawa a Tudun Wada ko Nasarawa Gwom, abin da ya fara nema shi ne kuɗin motar Ikko.