RA'AYINMU: Kayan Kare Kai Da Zaman Baƙo A Biranen Kudu

Cikin 'yan shekarun nan wani sabon ciniki ya buɗe a manyan biranen Kudu, watau cinikin kayan da ake cewa na kare kai ne. Duk wanda yake duba tallace-tallacen da ke shigowa cikin wayarsa ba zai rasa ganinsu ba. Ga ɗan gwangwanin feshin barkono wanda ake ratayawa tare da makulli, ga tocila mai jan mutum da wutar lantarki wadda wasu ke kira shoka, ga 'yar na'ura mai tsala ihu da zarar an zare mata fil, ga wuƙa mai naɗewa, har da sandar ƙarfe mai shigewa cikin kanta. Masu saye kuwa har da mutanenmu. Akwai uban da 'yarsa ta sami shiga jami'a a Akoka ko Badun ko Binin, ɗakunan kwanan ɗalibai suka cika, tilas ta kama haya a bayan makaranta. Akwai ɗan kasuwar da ke barin Mil 12 da kuɗin tumatir da albasa a lalitarsa. Akwai kuma mai gadi da mai shayi da mai tsire, waɗanda sana'arsu ta haɗa su da dare.

Ba mu ga laifin kowa don ya ji tsoro ba. Fashi a biranen nan ba yau ya fara ba. Dattawanmu suna tune da Oyenusi wanda aka harbe a bakin teku a Ikko cikin 1971, suna kuma tune da Anini wanda ya hana Binin barci har aka kashe shi cikin 1987. Yanzu kuwa abin ya ƙaru da masu fizgen waya a cunkoson motoci, da 'yan ƙungiyar asiri da suka addabi unguwannin ɗalibai, da motocin da ake kira wan-cans, watau motocin ɓarayi masu ɗaukar fasinja kamar na haya, sai an yi nisa su tuɓe shi.

Abin da ya sa muka ga ya wajaba mu ja hankalin jama'a shi ne, mai talla tambaya ɗaya kawai yake amsawa, ita ce ko kayansa suna yi wa maƙiyi illa. Ɗan Arewa mazaunin Kudu kuwa yana da tambaya ta biyu wadda a ganinmu ta fi ta farko nauyi: idan aka tsare ni a hanya aka sami wannan abu a jikina, me za a ce ni ne?

Bari mu fara da feshin barkono, tun da shi ne iyaye suka fi saya wa 'ya'yansu mata. Ana yin sa ne da sinadarin nan da ke sa barkono yaji. In ya sami mutum a fuska idonsa zai rufe ba shiri, hawaye da majina su zubo, tari ya sarƙe shi, kuma raɗaɗin yakan ɗauki rabin sa'a ko fiye kafin ya lafa. Ko shakka babu yana aiki, kuma amfaninsa ɗaya ne, ya ba mutum damar gudu. Amma fa akwai abubuwan da mai talla ba ya faɗi. Ƙaramin gwangwani ba ya wuce mita 2 zuwa 3. In iska tana fuskantar mai fesawa, shi zai fara sha. A cikin mota ko ɗaki rufaffe yaji ba ya zaɓen ido, saboda haka wadda ta fesa shi cikin motar wan-cans ta makantar da kanta tare da ɓarayin, har da direban da ke gudu da su. Gwangwanin yana da ranar lalacewa a rubuce jikinsa, domin iskar da ke tura ruwan tana raguwa da daɗewa, zafin rana kuma yana sa shi yoyo. Sa'an nan abin da ke ƙasan jaka, ƙarƙashin littattafai da kayan kwalliya, daidai yake da wanda aka bari a gida, don kuwa mai kawo hari ba ya sallama. Wanda aka fesa wa bisa kuskure kada ya murza ido, sai ya fita sarari ya yi ta wankewa da ruwa mai tsabta. Mai ciwon asma kuwa a hanzarta kai shi asibiti.

Ita shoka ba mu ga abin da za mu yaba mata ba. Ba ta aiki sai an manna ta jikin mutum, watau sai maƙiyi ya zo inda hannunsa zai kai gare ka. Zafi take sawa, ba lalle ta kayar da ƙato ba, balle wanda ya bugu da ƙwaya, kuma in cajinta ya ƙare ta koma tocila marar haske.

Maganar wuƙa ita ce ta fi damunmu, domin ita ce tsohuwar al'adarmu. Mahauci da mai tsire da mai yankan farce da baduku duk da kaifi suke neman abinci, wannan kowa ya sani. Amma wuƙar da ke kan tebur a wurin sana'a dabam take da wadda ke soke a ƙugu cikin motar haya da ƙarfe goma na dare. Wuƙa ba ta tsayar da faɗa, ƙara masa jini take yi. Gardama a kan canjin kuɗin mota, wadda da za ta ƙare da zage-zage, sai ta ƙare da gawa, kuma mu da muke zaune a nan mun san gawa ɗaya tsakanin baƙo da ɗan gari ba ta tsayawa a kan mutum biyu. Abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairu 2021 ya isa misali: saɓani ne tsakanin mutane ƙalilan, mutum ɗaya ya rasa ransa, kafin a ankara an ƙone rumfuna da gidaje, an yi asarar rayuka, mata da yara sun bar muhallinsu. Yawancin waɗanda suka yi hasara ba su ma san yadda aka soma ba.

To, me doka ta ce? Doka ba ta hana kowa kare kansa ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya yarda da yin amfani da ƙarfi gwargwadon bukata don kare mutum daga harin da ba bisa doka ba, ko don kare dukiya. Dokar laifuka da ake aiki da ita a yawancin jihohin Kudu, a sashe na 286, ta yi bayanin gwargwadon: wanda aka kawo wa hari ba da tsokanarsa ba yana iya tunkuɗe shi da ƙarfin da ya dace, amma ba wanda zai kai ga kisa ko mummunan rauni ba, sai fa in harin irin wanda mai hankali zai ji tsoron rasa ransa ne ko samun mummunan rauni, kuma ya ga babu wata hanyar tsira. Ma'anar wannan a fili take. Mari ba ya halatta suka. Wanda ya juya baya ya gudu kuma, bin sa da makami ya fita daga kare kai ya koma ramuwa, alƙali kuwa haka zai ɗauke shi. Batun bindiga ya fi wannan tsanani. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa riƙe bindiga a ƙarƙashin lasisi, dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi hukuncin da ya haɗa da ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba ga wanda aka samu da ita ba bisa ƙa'ida ba.

Amma abin baƙin ciki shi ne, sau da yawa baƙo ba ya ma kaiwa gaban alƙali. A ƙarshen Maris 2025 wasu mafarauta 'yan Arewa sun taso daga Jihar Ribas za su Kano yin ƙaramar Salla. A Uromi ta Jihar Edo 'yan banga suka tsare motar da suke ciki, suka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, jama'a suka taru suka kashe mutum 16 daga cikinsu. Muna faɗi da babbar murya cewa alhakin wannan jini yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, ba wuyan mamatan ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon tafiya da zama a duk inda ya so cikin ƙasar nan, kuma ko da mutum mai laifi ne, ofishin 'yan sanda ake kai shi. Duk da haka za mu ci amanar masu karatunmu in ba mu gaya musu abin da Uromi ta nuna ba. A wannan zamani na tsoron masu garkuwa da mutane, makami a hannun baƙo ya zama takardar tuhuma, taron jama'a kuwa ba ya tsayawa karanta lasisi.

Saboda haka shawararmu ita ce a karkata ga kayan da suke tsare mai su ba tare da sun jawo masa zargi ba. Yawancinsu tsofaffi ne, masu araha. Ƙwaƙƙwaran kwaɗo da sakata biyu a ƙofar ɗaki, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sun fi wa ɗaliba amfani bisa gwangwani goma, musamman da yake ba wanda ya san makulli nawa ɗan hayar da ya fita ya yanka. Tocila mai haske sosai tana nuna maka wanda ke laɓe tun yana nesa, in ka haska masa ido kuma ta ba ka 'yan daƙiƙoƙin da kake bukata. Usur ba ya bukatar caji. Ita ma 'yar na'urar nan mai ihu tana da kyau, domin ɓarawo ba abin da ya ƙi kamar idon jama'a, kuma ko an ƙwace ta ba za a iya juya ta a kanka ba. Wayar hannu mai caji da kuɗin kira ta fi su duka. Lambar neman agaji ta ƙasa ita ce 112, a Jihar Legas kuma akwai 767, kuma kyauta ake kiransu. Mai shiga mota da dare ya daure ya taka zuwa tasha maimakon tsayar da ta bakin hanya, ya aika wa wani nasa lambar motar, ya kuma buɗe masa wurin nan na WhatsApp da ke nuna inda mutum yake. Kada a raina katin shaida. Katin ɗan ƙasa ko na makaranta ko na ƙungiyar sana'a, tare da lambar wayar wani ɗan gari da zai ce na san shi, sun sha fid da mutane daga bakin mutuwa.

Sai dai ko ihu yana da haɗarinsa, kuma wannan gargaɗi na ɗalibai ne musamman. Ranar 5 ga Oktoba 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu, bayan an yi musu kururuwar ɓarayi. Su ba 'yan Arewa ba ne, wanda ya nuna wannan cuta ba ta san ƙabila ba. Wanda ya busa usur neman ceto yake yi, ba hukunci ya yanke ba. In an kama wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma, kuma kada a ga ɗanmu cikin masu ɗaukar dutse ko taya, don kuwa mun fi kowa sanin ɗacin abin.

Ba za mu wuce ba sai mun taɓo wasu kayan kare kai da suka girmi feshin barkono, watau guru da kambu da maganin ƙarfe da layar zana. Ba gardamar malamai za mu shiga ba. Abin da muka lura da shi kawai shi ne, wanda ya amince wuƙa ba ta cin sa yakan tsaya a inda mai hankali zai gudu, ya kuma yi musu da mai bindiga a kan wayar da za a iya sayen wata gobe. Wannan cuta ɗaya ce da ta mai shoka a aljihu, wanda ke bin lungun da jiya ba ya bi.

Akwai nauyi a kan shugabanni. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun da sauran zangunanmu, tare da shugabannin kasuwa da na 'yan acaɓa, su ne ya kamata su riƙa rubuta sunan duk sabon zuwa, su san mai masaukinsa, su taimaka masa ya sami katin shaida. Ya kamata kuma su san babban jami'in 'yan sanda na yankinsu da shugabannin 'yan banga, har da na Amotekun a jihohin Yarabawa da aka kafa ta tun 2020, su san su ido da ido tun ana zaman lafiya, ba sai ranar da aka kama yaro ba. Mafarauta da masu gadi da sana'a ta tilasta musu tafiya da makami su nemi takardunsu, su sanar da 'yan sanda kafin su kama hanya, su kuma guji tafiyar da za ta kai su shingen 'yan banga ba tare da jagora ba. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan Arewa a jami'o'in Kudu su tsara yadda masu karatun dare za su riƙa komawa gida a ayari, su kuma matsa wa masu gidajen haya su sa fitila a ƙofa da ƙarfe a taga kafin a biya kuɗin shekara.

Ga rundunar 'yan sanda kuma muna da roƙo guda. Ta fito ta bayyana wa jama'a dalla-dalla, da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turanci, wane ne cikin waɗannan kaya mutum zai iya riƙewa, wane ne kuma zai sa a kama shi, domin kada maganar ta rataya a kan ra'ayin kurtun da ya tsare mutum a shinge. Gwamnatocin jihohi su ma su tabbata duk ƙungiyar 'yan banga da ke tare hanya tana da rajista, an san shugabanta, an kuma koya wa 'ya'yanta cewa iyakar aikinsu shi ne su tsare wanda suke zargi su kira 'yan sanda.