Motar Gida Da Motar Haya Marar Direba

A birnin Phoenix na jihar Arizona, ƙasar Amurka, tun watan Oktoba na 2020 mutum yana iya kiran mota da wayar hannunsa, ta zo ƙofar gidansa ba kowa a kujerar direba, ya shiga, ta kai shi inda ya nufa, sa'an nan a cire kuɗin daga asusunsa. Kamfanin da ke wannan aiki sunansa Waymo, ɗan gidan Google ne, tun 2009 kuwa aka soma gwajin abin. A 2024 ya buɗe wa kowa da kowa a San Francisco da Los Angeles, a 2025 ya shiga Austin da Atlanta, a watan Afrilu na shekarar kuma ya ce motocinsa suna ɗaukar fasinja masu biya sau 250,000 kowane mako. To, da abin ya kai haka sai magana ta tashi a biranen nan: shin magidanci ya sayar da motarsa ya dogara ga waɗannan, ko kuwa ya riƙe abarsa?

Masu cewa a sayar suna da hujja, hujjar kuwa ta lissafi ce. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wadda ake kira AAA, takan ƙididdige abin da sabuwar mota ke ci wa mai ita kowace shekara. A 2024 ta sami abin ya haura dala 12,000 ga wanda ke tafiyar mil 15,000, watau fiye da dala 30 kowace rana. A ciki akwai mai, da inshora, da lasin, da taya, da ladan bakanike, da kuɗin ruwan bashin da aka sayi motar da shi. Mafi girmansu duka shi ne wanda ba a gani, faɗuwar darajar motar, gama tun ranar da ta fito daga kanti take raguwa ko tana tafiya ko tana tsaye. Tsayuwar kuwa ta fi yawa. Marigayi Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya nuna cewa motar gida takan yi kashi 95 cikin 100 na lokacinta a ajiye, kusan sa'a 23 ke nan cikin 24. Doki ne da ake ciyarwa dare da rana domin sukuwar sa'a guda.

Akwai kuma zancen rai. Mutum fiye da 40,000 suka mutu a kan hanyoyin Amurka a 2023. Motar da ba direba ba ta shan giya, ba ta gyangyaɗi, ba ta duban waya tana tuƙi. Makaho, da tsohuwar da idonta ya yi rauni har ta daina tuƙi, su ne suka fi kowa cin moriyarta, ba kuwa mai adalcin da zai raina wannan.

Amma fa lissafin nan ya ɗauka cewa motar hayar tana nan kullum, a nan ne kuwa ya yi tuntuɓe. A duba labarin Cruise, kamfanin da General Motors ya mallaka, wanda shi ma yake jigilar mutane ba direba a San Francisco. Ran 2 ga Oktoba 2023 wata mota mai direba ta buge wata mace, ta jefa ta gaban motar Cruise. Motar ta taka ta, ta tsaya, sa'an nan ta nemi komawa gefen hanya, ta ja matar a ƙasa kimanin ƙafa 20. Ran 24 ga watan hukumar lasin ta jihar Kalifoniya ta janye izinin kamfanin, ta ce bai nuna mata cikakken hoton abin da ya auku ba. Cikin kwanaki kaɗan aikin ya tsaya har a Phoenix da Austin da Houston. A Disamba 2024 General Motors ya ce ya daina zuba kuɗi a harkar, bayan ya kashe fiye da dala biliyan 10. Wanda ya sayar da motarsa a watan Satumba domin ya ga motocin Cruise suna kai da kawowa a unguwarsu, ya wayi gari a Nuwamba ba tasa, ba tasu. Ba wanda ya shawarce shi, ba kuwa wanda zai biya shi. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ko kamfanin da bai rushe ba yana da ranar gazawa. Ran 20 ga Disamba 2025 wutar lantarki ta ɗauke a babban yanki na San Francisco, fitilun mararraba suka mutu. Motocin Waymo da yawa suka tsaya cik a tsakiyar titi, domin idan abu ya shige musu duhu sukan nemi tabbaci daga ma'aikatan da ke zaune a ofis, a ranar kuwa tambayoyin sun fi ƙarfin masu amsawa. Kamfanin ya dakatar da aiki har washegari. Wannan fa ɗaukewar wuta ce kurum. Jihar nan ƙasar girgiza ce da gobarar daji, kamar wadda ta cinye unguwanni a Los Angeles a Janairu 2025. A irin wannan dare kowa zai kira mota a lokaci ɗaya, motocin kuwa ba su kai yawan masu kira ba.

Har ila yau motar nan tana da iyaka. Ba ta fita daga yankin da kamfani ya auna titunansa ya zana. Mai zuwa gaida iyayensa a ƙauye, da birkila ko kafintan da kayan aikinsa ke kwana a bayan mota, ba su da rabo a cikinta.

Saura zancen farashi. Kuɗin da fasinja ke biya yau kamfani ne ya yanka, masu hannun jari kuwa su ke cike giɓin. An ga irin wannan ga Uber, wanda aka kafa a 2009: ya yi shekaru yana jigila da araha a kan hasara, masu tasi da yawa suka karye, daga baya farashi ya hau, bai kuwa ga ribar aikinsa ta shekara ba sai a 2023. Mai motar kansa yana iya jinkirta sayen sabuwa, ko ya canza bakanike. Wanda ba shi da mota, a garin da kamfani ɗaya ke da motocin, abin da waya ta nuna masa shi zai biya.

Saboda haka gidan da ke tsakiyar birni, mai mota biyu, ɗaya tana kwana a gareji, lalle ya kamata ya sayar da ta biyun, gama dala 12,000 tana biyan haya mai yawa. Gidan da ke da guda ɗaya tak, ko yake bayan gari, ya riƙe ta tukuna.

Babban nauyin yana kan hukumomin biranen. Kada su ga motocin nan su rage kuɗin bas da jirgin ƙasa, gama mota marar direba ma mota ce, tana cin titi, har takan yi yawo ba kowa a ciki kafin ta sami wani fasinja, alhali bas guda yana kwashe mutum hamsin. Duk kamfanin da ya nemi izinin aiki a ɗaure shi da sharaɗi a rubuce: ya bayyana farashinsa, ya miƙa cikakken bayanin kowane haɗari, ya faɗi abin da motocinsa za su yi ranar da wuta ta ɗauke, ya kuma ba da sanarwar watanni kafin ya janye daga gari.