Gardama A Kan Kundin Bitcoin

Malamai da attajirai, kuɗin nan na kwamfuta da ake kira Bitcoin ba su da baitulmali, ba su da ma'aji. Abin da ke tsaronsu kundi ne guda, wanda dubban mutane a ƙasashe dabam-dabam kowa ya ajiye kwafinsa, ana ƙara masa shafi kamar kowane minti 10. Abin da ya shiga kuwa ba ya kankaruwa. To, mas'alar da ta raba kan ma'abotansa ita ce, shin daidai ne a rubuta abin da ba ciniki ba a ciki?

Al'adar daɗaɗɗiya ce, gama Satoshi Nakamoto da kansa ya sa kanun labarin jaridar The Times a shafin farko cikin 2009. A 2014 masu kula da manhajar Bitcoin Core suka keɓe ɗan gefe, kamar hashiyar littafi, mai ɗaukar harafi 40, daga baya aka mai da shi 80. Sa'an nan a Janairun 2023 Casey Rodarmor ya fito da dabarar Ordinals, wadda ke cusa hotuna a gurbin sa hannu, inda rubu'in farashi kaɗai ake biya. Shafi kuwa yana da iyaka. Cikin Mayun shekarar cunkoso ya tsananta, ladan aike ya hau, mai aika kuɗi kaɗan ya ji a jikinsa.

Luke Dashjr, mai manhajar Knots, da jama'arsa suka ce wannan shara ce, a tace ta. Waɗansu suka ce wanda ya biya ya sayi wuri, ba ruwan kowa da kayansa. A Oktoban 2025 mutanen Core suka faɗaɗa hashiyar zuwa harafi 100,000. Hujjarsu ita ce, masu haƙa, watau masu rufe shafi su karɓi lada, suna amsar rubutun kai tsaye, tacewa ba ta hana kome. Gara ya bi ta hashiya da a ɓoye shi cikin adireshin ƙarya, wanda ya fi nauyaya wa masu ajiya.

A ganinmu hujjar nan ta fi ƙarfi wajen aiki, amma fa ta bar bashi a baya. Mai hoto sau ɗaya ya biya, mai haƙa ya karɓe. Mai ajiye kwafi kuwa ko anini ba ya samu, ga shi tun 2025 kundin ya haura gigabayit 600, kullum ƙaruwa yake yi.