Jinjina ga Janar Lagbaja, da Bashin da Ya Rage a Tudun Biri

A daren Lahadi 3 ga Disamba, 2023, jirgi mara matuƙi na rundunar sojin ƙasa ta Najeriya ya saki bam a kan jama'ar da suka taru suna Mauludi a ƙauyen Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne gawa 85. Ƙungiyar Amnesty ta ce adadin ya haura 120. Mata da ƙananan yara na da yawa a cikin mamatan. Da gari ya waye rundunar sojin sama ta ce ba jirginta ba ne, kuma kafin rana ta faɗi gwamnatin Kaduna ta sanar cewa sojin ƙasa sun amsa aikinsu ne. Ranar Talata, Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya taka da ƙafarsa har ƙauyen. Ya tsaya gaban dattawan gari ya yi musu ta'aziyya, ya nemi afuwa, sannan ya je asibitin Barau Dikko ya duba waɗanda suka jikkata.

Mai karatu na iya cewa, ina abin yabo ga wanda yaransa suka kashe mutane, don kawai ya ce a yi haƙuri? Tambayar tana kan hanya. Sai dai wanda ya san yadda aka saba zai gane nauyin wannan tafiya. A watan Satumba na 2021, da jirgin yaƙi ya buɗe wuta a ƙauyen Buhari da ke Yunusari a jihar Yobe, musu aka fara yi kafin a dawo a amsa. A watan Janairu na 2023, bam ya hallaka makiyaya kusan 40 a yankin Doma na jihar Nasarawa, amma sai da aka yi kusan shekara guda kafin shugaban sojin sama ya zauna da iyalansu ya nuna nadama. A inda shiru da kwana-kwana suka zama ɗabi'a, hafsan da ya ce "mu ne" cikin kwana biyu, a gaban waɗanda suka binne 'ya'yansu, ya yi abin da ya cancanci jinjina. Lagbaja ya rasu a watan Nuwamba na 2024, kuma wannan na cikin abubuwan da ya kamata a riƙa tuna shi da su.

Amsa laifin nan ya wuce maganar ladabi. Kowace runduna tana da ƙa'idojin buɗe wuta, wato umarnin da manyan kwamandoji ke rubutawa don sojan da ke fagen daga ya san wa aka yarje masa ya harba, a wane hali, da wane makami, kuma da izinin wa. Su ne ke gaya wa sojan shingen bincike ya ɗaga hannu, ya daka tsawa, ya yi gargaɗi, kafin ya kai ga kunamar bindiga. Su ne ke gaya wa matuƙin jirgi cewa zato bai isa ba, sai ya tabbatar abin da ke ƙasa abokin gaba ne. Ba su hana soja kare kansa, ba su kuma ɗaure masa hannu a gaban ɗan bindiga. Amma ƙa'ida ba ta da rai sai a rundunar da ke yarda cewa ana iya karya ta. Idan duk wanda bam ya faɗa wa ya zama ɗan ta'adda a cikin sanarwar manema labarai, to babu ƙa'idar da aka taɓa karyawa, babu kuma abin gyarawa. Ƙofar gyaran ce Lagbaja ya buɗe.

Bayanin da rundunar sojin ƙasa ta yi kan Tudun Biri shi ne, masu sintiri ta sama sun hango taron mutane, suka yi wa zirga-zirgarsu fassarar da ba daidai ba, suka ɗauka irin ta 'yan bindiga ce. A nan ya kamata a tsaya a duba sosai. Mai sarrafa irin wannan jirgi yana zaune ne a gaban allo, nesa da wurin. Da daddare, kyamarar da ke bin ɗumin jiki ba ta nuna fuska. Surori ne kawai masu haske suna motsi a cikin duhu. Ba ya jin sautin lasifika, ba ya jin muryar ɗalibai suna yabon Manzo, ba ya rarrabe sandar dattijo da bakin bindiga cikin sauƙi. Amma yana da abin da sojan ƙasa ba shi da shi, wato lokaci. Wanda babur ya nufo a guje yana da daƙiƙa biyu ko uku ya yanke shawara, kuma ransa ne a kan layi. Jirgi mara matuƙi kuwa yana iya shawagi na sa'o'i ba wanda ke harbin mai tuƙa shi. Yana iya jira ya ga akwai ƙananan surori masu guje-guje irin na yara, ya ga taron a tsakiyar gidaje yake, a kira rundunar da ke kusa, a tambayi hakimi ko dagaci ko akwai wata hidima a garin. Duk wanda ya san ƙauyen Hausa ya san taron dare ba baƙon abu ba ne: Mauludi, biki, zaman makoki, tashe, cin kasuwa. Uzurin gaggawa ya fi rauni a wurin wanda ke da damar jira.

Akwai kuma abin da ya fi ciwo. Waɗanda suka tsira sun shaida wa 'yan jarida cewa bam biyu aka saki, na biyun ya sauka ne bayan mutane sun ruga suna kwasar gawarwaki da masu rauni. Ko da an yi wa na farko uzurin kuskuren gani, na biyu yana buƙatar amsa tasa daban. Wa ya duba allo bayan fashewar farko? Me ya gani? Wa ya ba da izini a sake? Dokokin yaƙi na duniya, tun daga Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 zuwa ƙarin da aka yi musu a 1977, wanda Najeriya ta amince da shi a 1988, sun ɗora wa mai kai hari nauyin rarrabe mayaƙi da farar hula, da dakatar da hari da zarar ya bayyana cewa ba abin da aka zata ba ne.

Ba baƙuwar magana ba ce a wurinmu. Malamai sun daɗe suna karantar da wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya da rushe gidaje. Littattafan tarihin Annabi (SAW) sun kawo yadda ya barranta a fili daga abin da Khalid bin Walid ya yi wa Banu Jazima, duk da matsayin Khalid a fagen yaƙi, sannan ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar rayuka da asarar kaya. Matakai biyu ne a jere, amsa laifi da biyan haƙƙi, kuma na farkon bai ɗauke na biyun ba. A tarihin sojin Najeriya ma akwai darasi. A 1967 Yakubu Gowon ya fitar da rubutacciyar ƙa'idar aiki ga dakarun tarayya, wadda ta hana taɓa yara da mata masu ciki da asibitoci da wanda ya miƙa wuya. Duk da haka, a watan Oktoba na shekarar dakarun suka yi wa farar hula kisan gilla a garin Asaba. Takarda ba ta tsare kowa idan babu hukunci a bayanta.

Shi ya sa jinjinar nan take tafe da bashi. A watan Mayu na 2024 hedikwatar tsaro ta ce an kammala bincike, kuma jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja. Mataki ne mai kyau, amma mutanen Tudun Biri suna da haƙƙin a karanta musu abin da binciken ya gano, su kuma ji hukuncin da ya biyo baya. Ba wanda ya ce a tona asirin dabarun yaƙi. Ana iya ɓoye abin da ya kamata a ɓoye a faɗi inda igiya ta tsinke. Bayan bam ɗin Rann na Janairun 2017, wanda ya faɗa kan sansanin 'yan gudun hijira a Borno, hedikwatar tsaro ta danganta kuskuren da rashin sanya sansanin a taswirar aiki. Irin wannan bayani shi ke ba jama'a da 'yan majalisa damar tambaya daga baya ko an toshe ɓarakar. Rahotannin mutuwar farar hula a Silame ta jihar Sakkwato a Disamban 2024, da Tungar Kara ta Zamfara a Janairun 2025, inda aka ce 'yan sa-kai ne bam ya faɗa wa, sun nuna da sauran aiki.

Aikin kuwa a bayyane yake. Kada a saki bam a kan taron mutane da hujjar yanayin motsinsu kaɗai, sai an samu wata shaida daga ƙasa. Kada a maimaita hari sai wani babban jami'i ya sake duba wurin da sabon ido. Sojin ƙasa da na sama su riƙa aiki da taswira ɗaya da bayanai ɗaya. A samar da layin da masu unguwanni da 'yan sa-kai za su riƙa sanar da taro ko fita, ba tare da an mayar da laifi kan wanda bai kira ba. Diyya ta zama haƙƙi mai tsari a doka, ba kyautar da ke jiran ziyarar babban mutum ba. Wannan duka ribar soja ce, domin ƙauyen da ke tsoron ƙarar jirgin gwamnati kamar yadda yake tsoron ƙarar baburan 'yan bindiga ba zai kai rahoton maɓoyarsu ba.

Rundunar tana yawan sanar da adadin 'yan ta'addan da ta hallaka, kuma jama'ar da aka addaba suna murna da hakan. Ya kamata ta fara ƙirga hare-haren da aka fasa saboda wani jami'i ya ce bai gamsu ba, a dakata. Irin wannan jami'in a ƙara masa girma, a sa masa lambar yabo a gaban 'yan'uwansa, domin ƙananan hafsoshi suna koyon abin da ake so ne daga wanda suka ga an ɗaukaka.