Ku Duba Mazari Kafin Ku Wanke Famfon Feshi

'Yan'uwa manoma, duk mai lambu a bakin kogi ya san babban mazarin nan mai ratsin baƙi da rawaya. Tsawonsa ya kai yatsan tsakiya na babban mutum, ƙarshen wutsiyarsa da ɗan kumburi. Yakan sauka a tsinin kara ko busasshen reshe da ya leƙa ruwa, fikafikansa huɗu a buɗe. In ya hangi ƙwaro sai ya tashi ya cafke shi a iska, sau da yawa ya komo inda ya bari. Siraran nan masu haɗe fikafikai in sun sauka danginsa ne, amma ba su nake nufi ba.

Yara suna cewa yana harbi. Ba ya harbi, ba ya kuma taɓa tumatir ko albasa. Abincinsa sauro ne da ƙudaje da sauran ƙwari. Amma kada wani ya nannaɗe gidan sauronsa saboda mazari. Shi kaɗai ba zai kori zazzaɓi ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, a cikin ruwa yake girma. Can uwar take zuba ƙwai. Ɗan da ya fito ba shi da fikafikai, yakan yi watanni cikin laka yana cin tsutsotsi da 'ya'yan ƙwari. Ran da ya ƙosa sai ya hau kara, bayansa ya tsage, mazari ya fito. Ku duba karan bakin ruwa da sassafe, za ku ga kwansonsa a maƙale.

To, ga magana. In mun gama feshi muka wanke famfo a kogi, ko wani ya zuba maganin ƙwari don ya kwashi kifi a sauƙaƙe, ɗan mazarin nan ba shi da wurin gudu. Kuma ruwan nan shi matanmu suke ɗiba, shi shanu suke sha.

Shawarata ita ce kowace ƙungiya ta sa doka: a wanke famfo cikin gona, nesa da kogi da rijiya. Ta kuma zaɓi mutum biyu su tsaya a mashaya ɗaya da hantsi, sau ɗaya a wata, su ƙirga mazarin da suka gani, magatakarda ya rubuta. In bana ya kasa na bara a wata guda, a kawo maganar gaban taro, a bi kogin sama a ga abin da ake zubawa.