Labarin Ƙanjamau Da Aka Ƙera A Ɗakin Buga Jarida

A watan Yuli na shekarar 1983, wata ƙaramar jarida mai suna Patriot da ake bugawa a birnin Delhi na ƙasar Indiya ta fito da wata wasiƙa marar sa hannu. An ce wai wani shahararren masanin kimiyya ne Ba'amurke ya rubuto ta, yana tona asirin cewa sojojin Amurka ne suka ƙera ƙwayar cutar ƙanjamau a ɗakin bincikensu na Fort Detrick. Ba a kula da ita ba, sai a watan Oktoba na 1985, lokacin da wata jaridar Mosko, Literaturnaya Gazeta, ta tono zancen, ta kafa hujja da jaridar ta Indiya. Abin da masu karatu ba su sani ba shi ne, wasiƙar nan aikin KGB ce, wato hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet. Ashe mai shuka shi ne ya dawo yana shaidar cewa ya tsinci tsiro a daji.

Ƙarya irin wannan tana bukatar rigar ilimi, sai aka samo mata. Wani farfesa mai ritaya a Jamus ta Gabas, Jakob Segal, ya rubuta rahoto yana cewa an haɗa ƙwayar ne daga wasu ƙwayoyin cuta biyu, ɗaya ta tumaki, ɗaya ta mutane. An rarraba rahoton a Harare a 1986, daidai lokacin taron ƙungiyar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu. Kafin ƙarshen 1987 labarin ya bayyana a ƙasashe kusan 80, cikin harsuna fiye da 30. Har gidan talabijin na CBS da ke Amurka kanta ya ambace shi a labarun yamma.

Nan ne fa ɗalibi ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Wanda ya ga labari guda a jaridu goma, zuciyarsa takan raya masa cewa shaidu goma ne suka haɗu. Alhali kuwa in ya bi sawu, sai ya tarar wannan ta kwafo daga waccan, waccan daga wata, har a tiƙe ga wasiƙa ɗaya da ba a san marubucinta ba. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan: ba yawan masu maimaitawa ake dubawa ba, isnadi ake bi. Laifin editocin nan shi ne ba su tambayi wa ya faɗa ba, kuma ina hujjarsa.

Kimiyyar halittu tana da nata hanyar bin isnadi. Duk lokacin da ƙwayar cuta ta hayayyafa, takan yi 'yan kurakurai a cikin rubutun gadonta, kamar yadda mai juyar littafi da hannu yakan tsallake harafi, wanda ya juya daga nasa kuma ya gaji kuskuren ya ƙara da nasa. Ta ƙirga bambancin da ke tsakanin ƙwayoyi biyu, ana iya kimanta tsawon zamanin da suka rabu. A 1998 masana suka ba da rahoton samun ƙwayar a cikin jinin wani mutum da aka ɗiba a Kinshasa tun 1959, aka adana. A 2008 aka gano ta a wata tsoka da aka adana a birnin tun 1960. Da aka gwama su biyun, sai aka ga sun riga sun yi nisa da juna, abin da ya nuna cewa cutar ta shiga cikin mutane tun wajen farkon ƙarni na 20. An kuma gano 'yar'uwarta mafi kusa a jikin biran cimfanzi na kudu maso gabashin Kamaru. Fasahar yanka ƙwayoyin gado a liƙa su kuwa ba ta samu ba sai a 1972 zuwa 1973. To, yaya za a ƙera abu da kayan aikin da ba su zo duniya ba sai bayansa da shekaru masu yawa?

Sai dai rashin adalci ne a ce duk wanda ya gaskata labarin wawa ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta sa ido a kan baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere a yankin Tuskegee, ta ƙi ba su magani domin ta ga yadda ciwon zai ƙare da su, ko bayan da fenisilin ya wadata. Wannan maƙarƙashiya ce ta haƙiƙa, kuma jarida ce ta fallasa ta: wata 'yar jarida, Jean Heller, ta buga labarin a 1972 bisa takardun da wani tsohon ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, ya fitar. Akwai suna, akwai takarda, akwai wanda za a kira ya amsa tambaya. Wasiƙar Delhi ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka mai cewa ya daina yarda da kowace jarida bai fi mai haɗiye duk abin da aka buga wayo ba, domin dukansu biyu sun guje wa wahalar tantancewa ne.

A 1992 Yevgeny Primakov, shugaban leƙen asirin ƙetare na Rasha a lokacin, ya amsa cewa hannun KGB ne a cikin zancen. Amsa laifin bai kashe labarin ba. Wani bincike da aka buga a 2005 kan baƙaƙen fatar Amurka 500 ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin huɗu sun yi imani a ɗakin binciken gwamnati aka ƙera ƙwayar, kuma mazan da suka fi riƙo da irin waɗannan zantuka su ne suka fi sakaci da kare kansu daga cutar.