Awa Nawa 'Yar Aiki Za Ta Yi? Tunatarwa Ga Matasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya 'yan'uwana matasa, daga Rurum Tsohon Gari da ƙauyukan Rano da Kibiya ana kai 'yan mata aikatau birnin Kano. Akan yanka kuɗin wata, amma ba a yanka lokaci. Sai yarinya ta tashi tun asuba, ba za ta kwanta ba sai kowa ya yi barci. A ganina wannan zalunci ne, ko da ana biyan ta cif.

Malaman fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa a san lada, a kuma san aiki ko wa'adinsa. Ku duba Suratul Ƙasas, aya ta 27: surukin Annabi Musa (AS) ya ayyana masa shekara 8, cikon 10 kuwa ganin damarsa ne, ya kuma nuna ba ya nufin tsananta masa.

Saboda haka kafin ku ɗauki mai aiki, ku lissafa shara, wanke-wanke, wanki da raino. In awa 4 ta isa, ku ƙulla a kan 4. Abin da ya ƙaru, a ƙara lada. Ku ware mata lokacin salla, makaranta da hutun mako. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2011 ma ta tanadi hutun awa 24 a jere kowane mako. Ƙaramar yarinya kuwa, aji ne wurinta.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin raunana, amin.